Jori Hamani, malamin makarantar da ya ƙulla yarjejeniyar wuta da Najeriya

A filinmu na yau za mu waiwayi rayuwar marigayi Jori Hamani, shugaban farko na Jamhuriyar Nijar, wanda ke da hannu a wutar lantarkin da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara da zoɓo ke neman abinci da ita.

An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, ranar 6 ga Yuni 1916. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Yamai da Maraɗi, har Faransa ya je ya koyar da Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1960.

Jori ya gane da wuri cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta wasa da maƙwabci. A 1964 ƙasashen da ke cin moriyar Kogin Kwara suka kafa hukumar kula da ruwansa a Yamai. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, Faransa ta karkata ga masu ɓallewa, amma Jori ya tsaya bayan gwamnatin Janar Gowon, alhali kuwa a wancan zamani saɓa wa Faransa ba abin wasa ba ne. Najeriya ba ta manta ba. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, a 1972 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar sayar wa Nijar wuta daga madatsar ruwan Kainji, maimakon dogaro da injuna masu shan gas mai tsada.

Layin farko ta Birnin Kebbi ya bi zuwa Yamai. Namu na nan gabas sai a shekarun 1990 ya taso daga Katsina ya sauka tashar Gazawa, inda ake raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Ko da yake wutar aro tana da nata ciwo: a Agusta 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse ta, ba ta maido ba sai Maris 2024. Duk mai firji a kasuwannin yankinmu, daga Agye har Gidan Runji, ya san abin da ya yi asara a watannin nan.

Ba za mu wanke Jori tas ba. Jam'iyya ɗaya tak ya bari a ƙasa, ya murƙushe Sawaba, kuma a lokacin farin shekarun 1970 an zargi muƙarrabansa da karkatar da hatsin agaji talakawa na mutuwa. Yana cikin jayayya da Faransa kan farashin yuraniyom sai Seyni Kunce ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, aka kashe matarsa Hajiya Aisa a daren. Lokacin da wutar Kainji ta iso Yamai a 1976, yana tsare.

Ya rasu a Rabat ta Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989. Allah ya jiƙansa.