Auguste Piccard: Malamin Da Ya Hau Sama Cikin Tulu

Shin kun taɓa tambayar kanku yadda fasinjan jirgin sama ke shaƙar iska lafiya lau alhali yana can ƙololuwa? To, ku gyara zama ku ji tarihin wani malami da ya share wannan hanya.

Sunansa Auguste Piccard. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1884, kuma shi tagwai ne. Ya yi karatu mai zurfi, har a 1922 ya zama shehun malamin kimiyya a jami'ar Brussels ta ƙasar Beljiyam.

Ku sani, duk sa'ad da mutum ya ƙara nisa sama, iska raguwa take yi, har numfashi ya gagara. Shi kuwa yana son zuwa can don ya auna wani haske marar ganuwa da ke zuwa daga sararin samaniya. Sai ya ƙera wani ɗaki na alminiyam, kewayayye kamar tulu, wanda iska ba ta fita daga cikinsa, ya rataya shi a ƙarƙashin ƙaton balan-balan.

Ranar 27 ga Mayu 1931, shi da mataimakinsa Paul Kipfer suka tashi daga Augsburg ta ƙasar Jamus. Suka kai mita 15,781, inda ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba. Amma fa sun ga ta kansu! Tun da farko iskarsu ta fara zurarewa ta wata 'yar kafa, suka toshe ta da basilin da zare. Sannan igiyar da za su ja su sauko ta harɗe. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga iskar shaƙa na neman ƙarewa. Malamin bai ruɗe ba. Ya san idan rana ta faɗi balan-balan zai huce ya sauko da kansa, don haka suka yi ta haƙuri. Bayan kamar awa 17 suka dira a kan ƙanƙara cikin duwatsun Ostiriya, da ransu.

Kuna tsammani ya tuba? Ina! A 1932 ya sake hawa, ya wuce mita 16,000. Daga baya ya juya wannan dabara zuwa teku, ya ƙera jirgin nutso mai suna Trieste. Da shi ne ɗansa Jacques ya kai wuri mafi zurfi a teku a 1960. Piccard ya rasu a 1962, yana da shekara 78. Jikansa Bertrand kuma, shi da abokin tafiyarsa, suka zagaya duniya a balan-balan ba tare da sauka ba a 1999. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yara, ku lura da kyau: ba ƙarfi ya fid da su ba. Abin da malamin ya koya a aji shi ya hana shi firgita ranar da igiya ta harɗe. Saboda haka a riƙe karatu da hannu biyu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.