Labarin Laparan, Bafaranshen da Ya Bi Sawun Ƙasusuwa a Azbin

Mu mutanen Kausani da sauran ƙauyukan Wudil, in an ambaci Azbin ba abin da ke faɗo mana a rai sai raƙuma da kantun gishiri da Buzaye masu naɗi har bisa hanci. Amma akwai wata dukiya a ƙasar nan wadda ayari ya yi ta takawa shekara da shekaru ba wanda ya san kuɗinta, watau ƙasusuwan waɗansu manyan dabbobi da suka ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. Turawa na kiransu dainoso. Labarin wani mutum da ya tattara su ya rubuta su a littafi za mu ba ku.

Sunansa Albert-Félix de Lapparent, amma Laparan za mu riƙa ce masa, gama haka Faransawa ke faɗi. An haife shi a Faransa cikin 1905. Ilmin duwatsu gādo ne a gidansu, don kakansa babban malamin wannan fanni ne, ya koyar a makarantar Katolika ta birnin Faris, ya kuma wallafa littattafan da almajirai suka daɗe suna karantawa. Jikan ya shiga aikin addininsu har ya zama limamin coci, duk da haka bai saki gudumarsa ta fasa dutse ba. Ya fara da duwatsun kudancin Faransa, daga baya ya zama malami a makarantar nan da kakansa ya koyar.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare sai ya juya fuskarsa wajen Sahara. Daga 1946 zuwa 1959 sau 9 ya ke shiga hamada, wani zubin a ƙasa, wani zubin bisa raƙumi, yawanci ba wani Bature tare da shi sai 'yan jagora. Ya bi ƙasar Aljeriya da Tunis da Maroko, ya gangaro Nijar wajen In Gal da In Abangarit, yamma da Agadas. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Wudil da ƙafa cikin bazara ya san ɗan abin da rana ke yi wa mutum, to, balle inda ake kwana da kwanaki tsakanin rijiya da rijiya, ga kuma ƙashi ɗaya ya isa kayan raƙumi guda. Sabo da haka abin da ya iya ɗauka ya ɗauka, wanda ya fi ƙarfinsa ya auna ya zana ya bar shi nan.

Watakila wani ya tambaya, yaya ƙashi zai yi wannan daɗewa bai ruɓe ba? Ga yadda abin ya ke. In dabba ta mutu a bakin kogi, ambaliya ta zo ta binne ta da yashi da laka tun kuraye ba su watsa ta ba, nama ya kan narke, ƙashi ya saura. Ruwan ƙasa mai ɗauke da ma'adini ya yi ta tsatstsafowa cikin ƙofofin ƙashin, har a kwana a tashi ya koma dutse, siffarsa kuwa ba ta sāke ba. Yashi kuma ya yi ta hawa bisa yashi kamar an jera tabarmi, ta ƙasa ita ce aka fara shimfiɗawa. Da wannan jeri ne masana ke gane wace dabba ta riga wace. Abin da ya sa ba mu tsintar irinsu a gonakinmu shi ne yawancin ƙasar Kano bisa tsohon dutse mai tauri ta ke zaune, irin wanda zafin cikin ƙasa ya dafa, ƙashi ba ya tsira a cikinsa. Amma a lardin Sakkwato an samu ƙasusuwan wata dabbar teku, wani masani Swinton ya yi bayaninsu cikin 1930, daga baya aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Ashe teku ta taɓa kwanciya inda ake noman albasa yau.

Cikin 1960 Laparan ya fitar da littafinsa a kan dainoson tsakiyar Sahara. A ciki ya nuna haƙora masu gefe kamar zarto na wata dabba mai cin nama, irin wadda Bajamushe Stromer ya yi bayaninta daga Masar, da ƙasusuwan waɗansu masu dogon wuya masu cin ganye, da haƙora da sulken bayan wani ƙaton kada. Ga kifaye, ga kututturan itatuwa da suka zama dutse. Duk wannan shaida ce cewa inda babu ko ciyawa yau, dā koguna ne da kurmi.

Ba za mu ɓoye kuskurensa ba. Da ya ke guntaye ya ke tsinta a warwatse, ya kan haɗa ƙasusuwan wurare dabam dabam ya ba su suna ɗaya, waɗansu sunayen kuwa masana sun yar da su. Shekarun duwatsun In Gal ma an gyara su, gama an daɗe ana cewa wajen shekara miliyan 135 ne, sai cikin 2009 waɗansu masana suka kawo hujja cewa sun kai wajen miliyan 165. Mu da muka fara da allo, ran da muka fara jin irin wannan lissafi sai da muka dubi juna. Amma mun lura da abu guda, masu wannan ilmi ba su jin kunyar warware maganar malaminsu in dutse ya ƙaryata ta, shi kuwa Laparan ya rubuta inda ya tsinci abubuwansa, har na baya suka san inda za su nufa.

Na baya kuwa sun zo. Philippe Taquet ya isa Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, cikin 1965, bayan masu neman yuraniyom sun ba da labarin ƙasusuwa shimfiɗe bisa rairayi. Cikin 1966 shi da wata masaniya de Broin suka sa wa kadan nan suna Sarcosuchus. Kansa kaɗai ya fi ƙafa 5, tsawonsa duka ya kai ƙafa 30. Abin mamaki, an samu ɗan'uwansa a Barazil, gama a zamanin nan Afirka da Amurka ta Kudu ba su gama rabuwa ba. Ba'amurke Paul Sereno kuma ya haƙa wajen In Gal, cikin 1999 ya bayyana wata mai dogon wuya ya kira ta Jobaria, da sunan wani dodo na tatsuniyar Buzaye, don makiyaya sun san ƙasusuwan nan tun kafin wani Bature ya gan su.

Shi Laparan bai zauna ba. Cikin 1960 ɗin nan ya je tsibirin Sifitsibajan, can kusa da ƙuryar arewacin duniya, ya ga sawun dainoso a jikin dutse inda ƙanƙara ke rufe ƙasa yawancin shekara. Sauran kwanakinsa duwatsun Afganistan ya ba su. Ya rasu cikin 1975, yana da shekara 69. An sa wa wata dabbar Madagaska sunansa cikin 1986, wata ta Gadufawa kuma cikin 1998. Wanda tafiya ta kai shi Yamai, ya nemi gidan tarihi na Bubu Hama, a can zai ga ƙasusuwan Gadufawa da idonsa.