Johann Sebastian Bach: Mutumin da ya fito da celo daga bayan fage

A ranar 21 ga Maris, 1685 aka haifi Johann Sebastian Bach a garin Eisenach na ƙasar Jamus, cikin zuri'ar da ta gaji kiɗa kaka da kakanni. Bai cika shekara goma ba iyayensa duka suka rasu, sai yayansa, wanda ke kaɗa ogan a cocin garin Ohrdruf, ya riƙe shi ya koya masa sana'ar gidansu.

Tun yana matashi taurin kansa ya bayyana. A 1705 ya nemi izinin mako huɗu, ya taka a ƙasa kimanin kilomita 400 zuwa Lübeck don sauraren gwani Buxtehude, bai koma bakin aiki ba sai bayan kusan wata huɗu. A 1717 kuma mai mulkin Weimar ya tsare shi kusan wata guda saboda nacinsa kan a sallame shi.

Yana fitowa ya nufi fadar Yarima Leopold da ke Köthen. Ɗariƙar Kiristanci da fadar ke bi ba ta son kiɗa mai yawa a coci, don haka Bach ya karkata ga kayan kiɗa zalla. A wannan zama, wajen 1720, masana ke ganin ya tsara jerin kiɗe-kiɗe shida na celo shi kaɗai. A shekarar ce kuma ya dawo daga tafiya da yariman ya tarar an binne matarsa, Maria Barbara.

Celo ɗan uwan goge ne, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Tsirkiya huɗu gare shi, kuma a zaune ake goga shi, an kafa shi tsakanin gwiwoyi. A zamanin Barok yawanci rakiya ce aikinsa, ya riƙe ƙasan sauti yayin da wasu ke jan zaren waƙa. Gaskiya ne Domenico Gabrielli na Bologna ya riga Bach rubuta wa celo kiɗan kaɗaici, amma Bach ne ya kai abin maƙura. Kowane jeri yana buɗewa da shimfiɗa, sannan kiɗan raye-raye na ƙasashen Turai daban-daban su biyo baya, wasu da nauyi, wasu da hanzari. Gwanintar tana cikin yadda sauti ke sauka ƙasa ya yi tsalle sama ya sake komowa, har kunne ya ɗauka murya biyu ko uku ke zance, alhali hannun mutum ɗaya ne. A jeri na biyar ya umarci a sassauta tsirkiya ta sama, na shida kuwa an tsara shi ne don abin kiɗa mai tsirkiya biyar.

A 1723 ya koma Leipzig ya zama shugaban mawaƙan cocin Thomas, inda ya yi sauran rayuwarsa yana koyarwa, yana kuma yawan saɓani da mahukuntan gari. 'Ya'ya 20 ya haifa, rabinsu suka rasu da ƙuruciya. Ya mutu ranar 28 ga Yuli, 1750, yana da shekara 65, watanni kaɗan bayan aikin ido da wani likita ɗan Ingila, John Taylor, ya yi masa bai yi nasara ba.

Takardun celo da ya rubuta da hannunsa sun ɓace. Mafi shahara cikin kwafin da suka tsira shi ne na matarsa ta biyu, Anna Magdalena, mawaƙiya wadda tarihi bai cika ba ta haƙƙinta ba. Alamominta na yadda za a ja baka ba su fita sarai a wurare da dama, shi ya sa har yau makaɗa ke jayayya, kowa da fahimtarsa.

Ko da aka buga kiɗe-kiɗen a Faris wajen 1824, darasin ɗalibai aka ɗauke su. Sai a 1890 wani yaro ɗan shekara 13, Pablo Casals, ya ci karo da su a shagon tsofaffin takardun kiɗa a Basalona. Shekara 12 ya yi yana bitarsu kafin ya yarda ya kaɗa su a bainar jama'a, sannan tsakanin 1936 da 1939 ya naɗi duka shidan a faifai. Max Reger da Zoltán Kodály sun rubuta wa celo kiɗan kaɗaici a 1915, Benjamin Britten kuma ya tsara wa Mstislav Rostropovich jeri uku. A Nuwamban 1989, lokacin da aka buɗe Katangar Berlin, Rostropovich ɗin ne ya zauna a gindinta da celonsa, kuma kiɗan Bach ya zaɓa.