Learie Constantine: Ɗan wasan kurket da ya maka otal a kotu

A 1928 tawagar kurket ta West Indies ta ziyarci Ingila, ta sha kashi a manyan wasanninta uku. Learie Constantine, ɗan Trinidad, shi ya fitar da ita kunya: a filin Lord's ya ci maki 86 da 103 a karawa da Middlesex. Ƙungiyar Nelson ta ɗauke shi, ta lashe gasar Lancashire sau bakwai cikin shekara tara.

Duk da wannan suna, a 1943 otal ɗin Imperial na Landan ya nemi korar sa da iyalinsa saboda launin fata. Ya kai ƙara, ya yi nasara a 1944, kodayake diyyar fam biyar da sule biyar ce kacal.

A 1969 ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Lords ta Birtaniya. Ya rasu a 1971.