Karl Ziegler: Bajamushen da bincikensa ya shiga kasuwannin Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya zaga kasuwar Madawa, ko ta Buza ko Keita, zai ga jarkokin ruwa da bokitai da buhunan albasa na roba jibge. Kaɗan ne suka san cewa hanyar yin irin wannan roba ta fito ne daga gwajin da ya ɓaci a hannun wani masanin kimiyyar sinadarai, Karl Ziegler.

An haifi Ziegler ranar 26 ga Nuwamba 1898 a ƙauyen Helsa, kusa da birnin Kassel na ƙasar Jamus. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a jami'ar Marburg, inda ya samu digirin dakta a 1920. Ya koyar a Heidelberg, sannan a Halle. A 1943 aka ba shi shugabancin cibiyar binciken kwal ta Mülheim, ya karɓa bisa sharaɗin a bar shi ya binciki abin da ya ga dama. Ya riƙe cibiyar har 1969.

Fanninsa shi ne sinadaran da ƙarfe ke haɗuwa da kabon a cikinsu. Wasunsu na da hatsari, don da sun taɓa iska sai su kama da wuta. A lokacin, Turawan Ingila sun riga sun gano robar foliyetilin tun 1933, amma sai da zafi mai tsanani da matsi da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,000. Injunan na da tsada ƙwarai.

Ziegler da ɗalibansa suna amfani da sinadarin alminiyam don ɗaura ƙwayoyin iskar etilin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jera duwatsun carbi. Wata rana jerin ya ƙi tsawo, ƙwaya biyu kawai ke haɗuwa sai aikin ya tsaya. Da wani ne, da ya wanke tukunya ya sake lale. Shi kuwa ya ce sai an gano dalili. An yi makonni ana nema, daga baya aka gane cewa ɗan burbushin ƙarfen nikel ne da ya saura a tukunyar.

Nan ya yi tunani: idan wani ƙarfe na katse jerin, wataƙila wani zai tsawaita shi. Suka bi ƙarafa ɗaya ɗaya. A ƙarshen 1953 suka dace da zirkoniyam, sannan titaniyam, wanda ya fi kowanne. Haɗin titaniyam da alminiyam yana aiki ne kamar dillali a kasuwar dabbobi: shi ba haja ba ne, amma shi ke sa ciniki ya faɗa da wuri. Da ɗan kaɗan ɗinsa, roba ta fito ba tare da babban matsi ko zafi ba, kuma ta fi ta da ƙarfi da tauri.

A 1954 wani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya yi amfani da irin wannan haɗi a Milan ya samar da folifirofilin, robar da ake saƙa buhuna da ita. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1963, ko da yake zumuncinsu ya yi tsami kan batun haƙƙin mallaka. Kamfanoni da dama sun sayi lasisi, kuɗi suka shigo, Ziegler ya ware mak miliyan 40 na kuɗin Jamus don ci gaba da bincike a cibiyarsa. Ya rasu a Mülheim cikin watan Agusta 1973.

Amfanin aikinsa a fili yake ga matar da ke ɗebo ruwa daga nesa, wadda jarka ta rage mata nauyin tulu da fargabar fashewarsa. Sai dai ƙarkon da ya sa roba ta yi farin jini shi ne kuma matsalarta, domin ba ta ruɓewa. Makiyaya da mahauta sun san abin da ake tararwa a tumbin akuya. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana ledoji marasa kauri, amma har yau suna maƙale a ƙayoyi a bayan garuruwanmu, suna toshe magudanan ruwa da damina.