Saje Alvin York: Manomin da Ya Jinginar da Gonarsa Saboda Makaranta

'Yan uwana ɗalibai, a wannan fitowar na ɗauko tarihin wani Ba'amurke da ya rasu tun 1964, Saje Alvin York. A ƙasarsu da jarumtar yaƙi aka san shi, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi amfani da sunan da yaƙin ya ba shi.

An haife shi ranar 13 ga Disamba, 1887, a ƙauyen Pall Mall da ke cikin duwatsun Jihar Tennessee, shi ne na uku cikin 'ya'ya 11. Mahaifinsa manomi ne kuma maƙeri. Saboda talauci, karatun York gaba ɗaya bai wuce wata tara ba, kullum yana gona ko dajin farauta, inda ya goge da harbi. Da mahaifin ya rasu a 1911, nauyin uwa da ƙanne ya dawo kansa, ya shiga aikin layin dogo da saran katako. Ya yi shaye-shaye da faɗace-faɗace ba kaɗan ba, kafin ya tuba a farkon 1915, ya shiga wata coci da ke ƙyamar zubar da jini.

Sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 aka kira shi aikin soja na dole. Ya nemi a ɗauke masa saboda addininsa, aka ƙi. Kwamandan bataliyarsu, Manjo Buxton, ya zauna da shi suka tattauna, ya ba shi hutu ya je gida ya yi tunani, ya dawo ya amince.

Ranar 8 ga Oktoba, 1918, a dajin Argonne na ƙasar Faransa, aka tura su su 17 su zagaya ta bayan bindigogin Jamusawa. Nan take aka kashe shida, aka raunata uku. York, yana kofur a lokacin, ya karɓi ragamar sauran bakwai ɗin, suka dawo da fursunoni 132. Aka ƙara masa girma zuwa saje, aka ba shi lambar yabo mafi daraja ta sojan Amurka.

To, nan ne fa labarin ya fi daɗi. Da ya dawo a 1919, 'yan fim da 'yan talla suka yi masa caa da tayin maƙudan kuɗi. Ya ƙi, ya koma ƙauye, ya auri Gracie Williams a watan Yuni, ya kama noma a gona mai eka 400 da wata ƙungiya ta ba shi, duk da dai kyautar ta zo da guntun bashi. Sun haifi 'ya'ya da yawa, ɗaya ma sunan Manjo Buxton ya sa masa.

Wanda ya rasa abu ai shi ya san darajarsa. York ya riƙa yawo gari-gari yana jawabi yana tara kuɗi don gina wa yaran karkararsu makarantar koyon noma da sana'a a garin Jamestown. Aka buɗe ta a 1929, daidai shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Da kuɗi suka yanke, sai ya jinginar da gonar da iyalinsa ke ci daga cikinta, don motocin ɗaukar ɗalibai su ci gaba da zirga-zirga. A 1937 gwamnatin jiha ta karɓi makarantar, har yau kuma tana aiki da sunansa.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da sauƙi ba: rigimar haraji ta biyo kuɗin fim ɗin tarihinsa da ya amince aka yi a 1941, sannan shanyewar jiki ta kwantar da shi shekara goma. Ya rasu ranar 2 ga Satumba, 1964, Gracie na raye, bayan aure na shekara 45.

Mu da muke sanya rigar aiki muna shiga wokshop, wani lokaci har muna jin kamar difloma ba ta kai ba, mu tuna cewa irin wannan karatun ne mai wata tara a aji ya sa gonarsa a jingina don yaran wasu su samu. Ni dai tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in na fita da nawa, wa zai amfana a garinmu?