OTA BENGA, BAƘON DA AKA SA A KEJIN BIRAI

A shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo ta Ibadan, inda fataken shanu da na goro daga Arewa suka sami mazauni. Cikin wannan shekara ce kuma wani baƙo ɗan Afirka ya rasu a wani gari na Amurka da a ke kira Lynchburg, ba dangi a kusa da shi, ba kuwa hanyar komawa gida. Sunansa Ota Benga. Labarinsa ya kamaci a ji shi, musamman ga wanda ya san ɗacin baƙunci.

An haifi Ota Benga wajen shekarar 1883 a ƙasar Kwango, cikin gajerun mutanen nan mafarauta, mazauna kurmi. A zamanin nan ƙasar tana hannun Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda ya mai da ita kamar gonarsa. Sojojinsa suna tilasta wa mutane tatsar roba, garin da ya kasa kawo abin da aka yanka masa kuwa sai a ƙone shi, a kashe na kashewa. An ce cikin irin wannan hari ne aka hallaka matar Ota da 'ya'yansa, shi kuma ya faɗa hannun masu cinikin bayi.

A shekarar 1904 aka shirya wani gagarumin baje-koli a birnin St. Louis na Amurka. Masu shirin suna so su nuna jinsunan mutane iri-iri, don su tabbatar wa jama'a da ra'ayinsu na cewa Bature ne a sama, sauran 'yan Adam suna ƙasa. Sai suka aiki wani tsohon ɗan mishan, Samuel Verner, ya samo musu gajerun mutane daga Kwango. Verner ya riƙa faɗi cewa da gishiri da ƙyalle ya fanshi Ota, amma marubuciyar nan Pamela Newkirk ta nuna cikin littafinta na 2015 cewa mutumin ya sha sauya labarinsa.

A St. Louis abin da ya fi jan 'yan kallo shi ne haƙoran Ota, waɗanda aka feƙe masu tsini bisa al'adar mutanensa. Jaridu suka ɗauka suna yayatawa wai mai cin mutane ne. Da aka tashi daga baje-kolin Verner ya mai da shi Kwango, amma bai tarar da kowa nasa ba. A shekarar 1906 suka sake komawa Amurka tare. Kuɗi suka ƙare wa Verner, sai ya ajiye shi a gidan kayan tarihi na New York, daga nan kuma aka wuce da shi gidan namun daji na Bronx.

Shugaban gidan, William Hornaday, masanin dabbobi ne mai suna. Da farko an bar Ota yana yawo cikin gidan. Amma ranar 8 ga watan Satumba na 1906 jama'a suka tarar da shi cikin keji a ɗakin birai. Aka ba shi baka da kibau, aka haɗa shi da wani babban biri na ƙasashen Asiya mai suna Dohong. Aka kuma kafa allo da ya nuna shekarunsa, da nauyinsa, da tsawonsa ƙafa 4 da inci 11, kamar yadda a ke yi wa kowace dabba. Mutane suka yi ta tururuwa, har a wata ranar Lahadi an ƙiyasta masu shiga sun kai 40,000.

Limaman coci na baƙar fata su ne suka tashi tsaye, a ƙarƙashin jagorancin James Gordon, shugaban wani gidan marayu a Brooklyn. Suka nemi ganin magajin garin New York, ya ƙi ganinsu. Hornaday kuwa ya dage cewa bai ga laifin abin da ya yi ba. Da surutu ya yi yawa sai aka riƙa fito da Ota daga kejin, amma abin bai yi sauƙi ba, domin 'yan kallo suna bin sa duk inda ya nufa, suna ihu, waɗansu suna tsokanarsa da hannu, waɗansu suna sa masa ƙafa ya faɗi. Da ya fara ramawa, sai masu gidan suka ga ya zame musu kaya. Kafin ƙarshen watan aka miƙa shi ga Gordon, bayan kimanin kwana ashirin.

A shekarar 1910 aka kai shi Lynchburg ta jihar Virginia. Nan aka rufe masa tsinin haƙora, aka sa shi karatu, mawaƙiyar nan Anne Spencer tana cikin masu taimakonsa. Ya sami aiki a kamfanin taba, yara kuma suna son sa, domin yana koya musu farauta da ɗiban zuma a daji. Duk da haka zuciyarsa tana gida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to, shi gidan ma an riga an rushe. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, zirga-zirgar jiragen ruwa ta yi wuya, ɗan burin da ya rage masa ya yanke. Ranar 20 ga Maris na 1916 ya harbe kansa. Hornaday kuwa ya ci gaba da riƙe muƙaminsa har 1926. Sai a shekarar 2020 ƙungiyar da ke da gidan namun dajin ta fito ta nemi gafara, watau bayan shekara 114.

Ba Ota kaɗai aka yi wa haka ba. Sarah Baartman ta Afirka ta Kudu an yi ta nuna ta a London da Paris har ta mutu a 1815. A baje-kolin Wembley na 1924 an gina gari mai ganuwa irin ta Kano, aka zuba masu sana'a daga Afirka ta Yamma don a kalle su, har ɗaliban Afirka da ke London suka yi ƙorafi kan yadda jaridu suka wulakanta su. Dabbobi su ma sun sha tasu azabar ta sarƙa da ƙugiya. Sai da jama'a suka fara ƙyamar abin sa'an nan babban kamfanin wasannin nan na Ringling ya daina wasa da giwaye a 2016, ya rufe a 2017, ya dawo a 2023 ba dabba ko ɗaya.

Mazauna Sabo ba baƙin irin wannan kallo ba ne. Kowa ya san gardawa masu wasa da kura, waɗanda kan gangaro Kudu da kura cikin takunkumi da sarƙa, da biri sanye da riga, da mesa, wani lokaci har a ɗora ƙaramin yaro a bayan kurar. Ganga tana tashi, a kewaye su, a yi dariya, a jefa kuɗi. Su gardawa abinci su ke nema, kuma sana'a ce ta gado. Amma da wuya a sami wanda zai tambayi yadda aka horar da kurar har ta yi laushi, ko abin da ya hana yaron nan zuwa makaranta.

Hornaday ne ya rufe kejin Bronx, amma 'yan kallo ne suka sa ya daɗe a rufe, kuma mutane kaɗan da suka ƙi yin shiru su ne suka buɗe shi. Duk wanda zai sa hannu aljihu a wurin wasa, ya dubi wanda ke tsakiyar fili tukuna, mutum ne ko dabba, ya ga ko da yardarsa ya ke wurin.